Hagun Jikar Iya Zinariya

A bayan tsohon siton riɗi na Gagarawa Tasha akwai wani daɓen siminti mai faɗi, inda ake shanya zoɓo da kaka. In an kwashe zoɓon, simintin yakan zauna ja-ja har wata biyu, kamar an yi masa lalle. A kan wannan daɓe ne Malama Sharifa take koya wa 'yan mata ƙwallo.

Ba irin ƙwallon da aka saba gani ba ce. Sunan wasan futsal, mutum biyar-biyar ake yi, a ƙaramin fili. Ita kanta ƙwallon abar kallo ce: ƙarama, mai nauyi, in ka jefa ta ƙasa ba ta tsalle, sai ta yi ɗan motsi ɗaya ta zauna tana kallonka kamar kwaɗon da ya ƙoshi. Tsofaffin da ke zama a gindin dalbejiya sun yi sati guda suna musu a kanta. Wasu sun ce iska ce ta yi mata kaɗan, wasu sun ce yashi aka ɗura mata, wani kuma ya ce shi dai a ganinsa ƙwallo ce mai kunya.

Malama Sharifa ma ba ta rasa nata abin mamakin ba. Ba ta damu da cin wasa ba. Ranar da 'yan matan Sule Tankarkar suka ɗura musu bakwai da ɗaya, ta dawo gida tana murna har da sayen rake, wai don wata yarinya ta waiga ta duba bayanta kafin ƙwallo ta iso gare ta. Kowace yarinya a wurinta sai ta yi gola, sai ta yi baya, sai ta yi gaba. Kuma duk wadda ta shiga mota aka tafi wasa, sai ta taka fili, ko da tsayinta bai kai turmi ba. In iyaye suka yi ƙorafi, takan ce:

"Ni ba don Asabar mai zuwa nake koyarwa ba. Duk yarinyar da kuka gani a nan, akwai wata doguwa 'yar shekara goma sha takwas tana tsaye a bayanta tana jira. Ita nake wa aiki."

Wasu uwayen har sukan leƙa bayan 'ya'yansu.

Cikin 'yan matan akwai Bilkis, 'yar shekara goma sha ɗaya, wadda tun daga yaye take hannun kakarta, Iya Zinariya. Bilkis tana da gudu, tana da ido, amma in ta zo buga ƙwallo sai ta buga kamar mai tura ƙofar gidan da ba ta sani ba. Ƙafar dama kawai take amfani da ita. Ta hagun tana biye da ita ne kurum, don jiki ba ya tafiya da ƙafa ɗaya.

Wata Laraba da la'asar wata akuya ta hau daɓen, ta nufi ɗan sauran zoɓon da wata mata ta shanya a gefe. Kowa na ihu, akuya ko a jikinta. Ƙwallo tana gefen hagun Bilkis a lokacin. Ba ta yi tunani ba, ta ɗaga ƙafa ta sheme ta. Ƙwallon nan mai kunya ta tashi kamar an harbo ta daga gwafa, ta ratsa daɓen tun daga wannan kai har wancan, ta daki bokitin ƙarfen da ke gaban hancin akuyar. Kwaram! Akuya ta yi sama da ƙafa huɗu, ta sauka tana gudu, kuma an ce har yau ba ta bin ta bayan sito.

Usur ya faɗo daga bakin Malama Sharifa.

"Bilkis. Zo nan. Wace ƙafa ce wannan?"

Bilkis ta dubi ƙafar kamar ba tata ba. Idonta ya kawo ruwa.

"Don Allah Malama, kar ki gaya wa Iya."

A nan ne labari ya fito. Ashe Bilkis bahaguwa aka haife ta. Tun tana rarrafe da hagu take miƙa hannu. Iya Zinariya kuwa ta ce ba a gidanta ba, ba za ta raini yarinyar da za ta je gidan mutane ta sa hagu a kwano ba. Sai ta ɗinka wata 'yar jaka ta atamfa, duk lokacin cin abinci ta zura hannun a ciki ta ɗaure. Shekara uku ana haka, har hannun ya haƙura. Ita kuma ƙafar, da ta ga abin da ya sami ɗan'uwanta na sama, sai ta yi shiru da kanta ba tare da an ce mata komai ba.

Malama ta tsuguna ta riƙe ƙafar da hannu biyu, kamar mai duba ɗan tsako.

"Shekara biyu ina neman irin wannan a garin nan, ashe tana gabana tana barci."

Daga ranar ta fara tashinta. Taka ƙwallo da tafin hagu, ja ta baya, tura ta gefe, buga bango ta dawo. Bilkis takan koma gida tana dariya ita kaɗai a hanya, sai ta kusa ƙofa ta gyara fuska.

Ba wanda ya kai ƙara. Takalmi ne ya tona. Iya Zinariya tana wanke kambas ɗin Bilkis wata safiya, ta ɗaga na dama, lafiya lau. Ta ɗaga na hagu, hancinsa ya cinye, gefensa ya yi ja da zoɓo. Ta jera su biyu a kan turmi ta zauna tana kallo, har Bilkis ta dawo daga makaranta.

Da yamma aka aika wa Malama Sharifa. Ta zo ta durƙusa ta gaida Iya. Rufa'i, ɗan Iya na ƙarshe, kawun Bilkis, wanda ke jan bas tsakanin Gagarawa da Gumel, yana zaune a bakin rumfa yana cin gyaɗa.

"Malama," in ji Iya, "ni na ba ki yarinya ki motsa mata jini. Ban ba ki ita ki kwance min aikin shekara uku ba."

"Iya, ƙafa ce fa. Hannu ban taɓa shi ba."

"Ƙafa da hannu ba jiki ɗaya suke ba? In ta ƙasa ta farka, ba za ta tashi na sama ba? Yau ƙwallo, gobe tuwo."

Rufa'i ya ce, "Iya, ni ma fa da hagu nake taka kuloci."

"Shi ya sa kullum motarka tana gareji. Ci gyaɗarka."

Malama ta yi bayani iya bayani. Ta ce mai ƙafa ɗaya a wannan wasan kamar ɗaki ne mai ƙofa ɗaya, ana tsaya masa a baki shi ke nan. Ta ce yarinyar nan in aka bar ta da ƙafafunta biyu, nan da shekara bakwai sai an zo daga Dutse ana tambayar gidansu. Iya ta ce ita ba ta gayyaci kowa daga Dutse ba.

Ranar Asabar ɗin nan kuwa akwai gasar 'yan mata a Gumel, ƙungiya huɗu: Gumel, Maigatari, Sule Tankarkar da Gagarawa. Bilkis ta yi wata guda tana ƙirga kwanaki. Da Iya ta ga yarinyar ta raɓe jikin bango tana haɗiyar kuka, sai ta ɗan sassauta, amma irin nata sassaucin.

"Za ta je. Ni ma zan je, in zauna in gani da idona. In ƙafar nan ta hagu ta taɓa ƙwallo sau ɗaya, sau ɗaya tak, to ta gama ƙwallo har abada. In kuwa ta dama kaɗai ta yi, ta ci gaba."

Bilkis ta dubi Malama. Malama ta ce, "Maganar Iya ce a gaba, Bilkis. Ni dai zan sa ki a fili, kamar kowa."

Ranar Asabar da hantsi bas ɗin Rufa'i ta cika da 'yan mata tara cikin dogayen wanduna da gajerun hijabai shuɗɗa, da jarkar ruwa, da buhun ƙwallaye. Iya Zinariya ta zauna a gaba da mayafinta na zuwa biki, da carbi, da 'yar kujerarta ta tsugunno a kan cinya, don ta ce ba ta san irin abin zaman mutanen Gumel ba. 'Yan mata suna ta waƙar da suka ƙirƙira, wadda ba ta da kai ba ta da gindi, sai sunan kowacce da tafi. Bilkis kaɗai ba ta waƙa. Ta ɗora ƙafar dama a kan ta hagu ta danne.

A babban ɗakin taro na wata makarantar 'yan mata aka yi wasan. An share daɓe, an ja layi da fenti, mata da yara sun cika gefe. Ƙuri'a ta haɗa Gagarawa da Maigatari. Mai koyar da 'yan Maigatari wata doguwar mata ce mai murya kamar lasifika, Malama Safinatu, wadda rabin danginta suna tsallaken boda, shi ya sa ba ta cewa ƙwallo, sai balo.

Iya ta dasa kujerarta a bakin layi, daidai tsakiya. Aka busa usur.

Abin da ya biyo baya, waɗanda suka gani har yanzu in suka tuna sai sun riƙe ciki. Duk lokacin da ƙwallo ta zo wa Bilkis ta dama, lafiya. In ta zo ta hagu, sai Bilkis ta ɗage ƙafar sama kamar ta ga kunama, ta yi ɗingishi, ta zagaya ƙwallon gaba ɗaya don ta same ta ta ɗaya gefen. Wani lokacin sai ta zagaya sau biyu. Kafin ta gama zagaye, 'yar Maigatari ta ɗauke abarta ta yi gaba. Sau ɗaya ma ƙwallon ta gangaro a hankali ta nufi ƙafar hagun, Bilkis tana ja da baya, ƙwallo tana bin ta, tana ja, tana bin ta, har suka fita layi tare.

Ɗaki ya ɗauki dariya. Maigatari suka ci ɗaya, suka ƙara ɗaya.

"Rufa'i," in ji Iya, "su waye ke cin wasan?"

"Masu jajayen hijabi, Iya."

"To namu me suke yi?"

"Suna koyo."

Iya ta ja tsaki, ta ci gaba da jan carbi, amma carbin ya fara gudu fiye da yadda ya saba.

Da aka dawo daga hutun rabin lokaci, Malama Safinatu ta gama gane komai. Ta tsaya a bakin layi ta buɗe murya:

"Ku tare mata dama! Mai lamba bakwai, ku tsaya mata a dama kawai! Ku bar mata balo a hagu, ba abin da za ta yi! Ba ta da hagu!"

Carbi ya tsaya.

"Rufa'i. Me matar can take cewa?"

"Cewa take Bilkis ba ta da hagu."

"Ba ta da me?"

"Hagu, Iya."

"Wa?"

"Bilkis."

"Bilkisun tawa?"

Malama Safinatu ta sake ɗagawa: "Ale, ale, maza ku matsa! Na ce muku ba ta da hagu, ƙafar ado ce!"

Iya Zinariya ta miƙe tsaye, kujera ta faɗi ta baya.

"Ke baiwar Allah! Ke mai jan gyale! Kin san hagun da kike magana a kai? Shekara uku ina fama da hagun nan! Jaka huɗu ta yaga min! Yarinyar nan tana shekara biyu ta jefi mijina da ludayi daga tsakar gida, yana cikin rumfa, ta same shi a goshi! Ke kin zo daga bakin boda yau da safe ki ce babu ita?"

Rufa'i ya kama gefen mayafinta. "Iya, zauna, ana kallonmu."

"A kalla! Bilkisu! Ke Bilkisu! Sake ta!"

Bilkis tana tsakiyar fili da ƙwallo a gabanta. Ta tsaya cak ta juyo.

"Iya, wacce?"

"Wadda na hana!"

"Sau nawa?"

Kafin Iya ta ba da amsa, wata 'yar Maigatari ta zare ƙwallon daga gabanta ta wuce, ta zura ta uku.

"Kin gani ko!" in ji Iya. "Kina tsaye kina min tambaya kamar 'yar jarida! Sau duk yadda ta samu!"

Aka dawo da ƙwallo tsakiya. Aka turo wa Bilkis. 'Yan Maigatari biyu suka ruga suka tsaya mata a dama, kamar yadda aka ce musu, suka bar hagu a buɗe kamar ƙofar gidan suna. Bilkis ta ɗora tafin hagu a kan ƙwallon. Ɗakin bai san komai ba, amma Malama Sharifa ta rufe bakinta da hannu biyu. Bilkis ta ja ƙwallon baya, ta tura ta gefe, ta ɗaga kai sau ɗaya, ta sheme ta.

Golar Maigatari ta ce daga baya ita dai ta ji iska ta wuce kunnenta. Raga ta kumbura ta baya, har ƙarfen ya ɗaga ƙafa ɗaya ya dawo.

Iya Zinariya ta rangaɗa guɗa. Ba ƙaramar guɗa ba, irin wadda rabonta da yi tun auren Rufa'i. Tantabarun da ke cikin rufin ɗakin suka tashi gaba ɗaya suna zagaye a saman fili, alƙaliyar wasa ta duƙa, 'yan matan Gagarawa suka taru a kan Bilkis har ba a ganin ko hijabinta. Iya ta taka layi ta shiga fili taku uku tana nuna Malama Safinatu da carbi.

"Ƙafar ado ko? Ga ado nan!"

Malama Safinatu ta kama ƙugu tana dariya. "Hajiya, na tuba! A ina kuka ɓoye wannan?"

"A jaka!"

Da ƙyar Rufa'i ya maido ta bayan layi. Ba a yi minti biyu ba Bilkis ta sake samun ƙwallo. Yanzu 'yan Maigatari suka ruga hagu su uku. Sai ta taka da hagu, ta mirgina wa dama, ta tura wa ƙawarta da ke tsaye ita kaɗai a bakin raga. Uku da biyu. Ɗaki ya rikice, har 'yan Gumel da 'yan Sule Tankarkar suna buga benci.

A daidai nan Malama Sharifa ta duba agogonta ta ce, "Bilkis, fito. Hidaya, shiga."

Hidaya ita ce ƙaramarsu, shekararta takwas, rigarta har gwiwa. Ta shiga da gudu tana jan wando sama.

Iya ta juyo a hankali.

"Malama. Me na gani?"

"Lokacin Hidaya ne, Iya. Kowa da rabonsa."

"Yanzu da abin ya fara daɗi? Saura ɗaya mu kamo su! Ki cire wannan ki sa wannan 'yar mitsitsiyar? Rufa'i, yi mata magana!"

"Iya, ai ke kika ce in ci gyaɗata."

"Wancan ranar Talata ne!"

Malama ta ce, "Iya, in ban sa Hidaya yau ba, ranar da za ta zama kamar Bilkis ba za ta zo ba. Ita ma akwai wadda ke jiranta."

"To ta jira mana! Minti nawa ya rage?"

Malama ta yi dariya kawai ta juya ga fili. Hidaya ta taɓa ƙwallo sau uku. Sau ɗaya ta faɗi a kanta, sau ɗaya ta ba 'yar Maigatari da ladabi, sau ɗaya kuma ta taka ta da tafin ƙafa ta tsayar da ita cak, ta tsaya tana kallon Malama da baki buɗe don murna, har aka ƙwace. Maigatari suka ƙara ɗaya. Aka tashi huɗu da biyu.

A waje, ƙarƙashin wata bishiyar maina, 'yan mata suka baje suna shan ruwa suna ba juna labarin abin da dukkansu suka gani. Bilkis ta zo gaban Iya ta durƙusa. Murnar ta sauka daga fuskarta.

"Iya, na taɓa da hagu."

"Na gani."

"Sau tara. Na ƙirga."

"Sha ɗaya. Akwai biyu da kika yi a can lungu."

"To... na gama ƙwallon ke nan?"

Rufa'i ya daina kaɗa makullin mota. Iya Zinariya ta gyara mayafi, ta dubi ƙafar, ta dubi hannun, ta daɗe tana auna tsakaninsu da ido.

"Malama, matso. Ga yadda za a yi. Daga gwiwa zuwa ƙasa, naki ne. Daga gwiwa zuwa sama, nawa ne. In na ga abin ya fara hawowa, zan aiko miki."

"Na yarda, Iya."

"Kuma shekara nawa kika ce?"

"Bakwai."

"Allah ya kai mu. Ba zan mutu ban ga ƙarshen wannan rigima ba."

Bilkis ta yi tsalle ta rungume ta har kujera ta karkace, 'yan mata suka ɓarke da ihu, wata ta kifar da jarkar ruwa a kan takalmin Rufa'i. Iya ta ture su duka da gwiwar hannu, tana cewa za su karya ta. Sai idonta ya sauka a kan Hidaya, wadda ke gefe tana tsotsar ledar ruwa.

"Ke 'yar mitsitsiya. Zo nan. Ɗaga wannan ƙafar in gani. A'a, ɗayar."

Hidaya ta ɗaga hagu, ta yi tangal-tangal, ta faɗa jikin Rufa'i.

Iya ta girgiza kai.

"Malama, wannan kam da gaske ba ta da ita. Me kike yi a kai?"

"Muna farawa ranar Laraba, Iya."

"Ƙarfe nawa?"

"Bayan la'asar."

"To a share min wuri a gefen inuwa. Rufa'i, ɗauko kujerar, kar ka bar ta a Gumel."